A Ɗora Hawan Sallar Gumel a Bango

A zamanin da, idan kwamandan Rumawa ya ci yaƙi, akan zaga da shi birnin Rum da ganima da fursunoni. Ba su bar bikin ya shuɗe ba, sai suka sassaƙa shi a dutse. Ƙofar Titus, da aka gina wajen shekara ta 81 miladiyya, har yau tana nuna sojoji ɗauke da ganimar Ƙudus. Mu kuwa muna da hawan sallar Gumel, inda hakimai daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ke kai wa Sarki jafi, amma da ƙura ta lafa sai bangayen makarantunmu su zauna fayau.

Wasu za su ce addini ya hana zana mai rai. Ai magina Hausawa sun daɗe suna ƙawata soro da dagi da takobi ba tare da surar mutum ba, kuma laima da kakaki da garkuwa sun isa ba da labari. Wasu za su ce tuna yaƙi ne, alhali hawanmu babu fursuna, biyayya ce da zumunci. Masarauta da ƙananan hukumominta huɗu su ba magina aikin ɗora hawan a bango.