Baƙo ya san Madarumfa, ɗan gida bai sani ba

Masu masaukin baƙi na karkara sun fi mu sanin darajar abin da ke kewaye da mu. Baƙo ya sauka a wajen Maraɗi, kafin ya gama shan ruwa an lissafa mishi inda za a kai shi: tabkin Madarumfa, kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, fadar Sarkin Gobir a Tsibiri. Ya biya kuɗin mota, ya ɗauki hoto, ya koma ƙasarsu da labari. Ɗalibin da lakwal ɗinsu ke bakin wannan hanya kuwa sai ya ƙare firamare bai taɓa taka ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ni a ganina wannan abin kunya ne, kuma a wuyanmu yake, mu malamai da iyaye. Madarumfa kimanin kilomita 25 take daga Maraɗi. Tun 2006 Nijar ta saka dajin, tabkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta ɗauka a matsayin gadon duniya. Duk da haka yaranmu sun haddace kogunan Faransa, sun kasa faɗin abin da ya kawo Katsinawa Maraɗi bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, ko dalilin da ya sa Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ka tambayi ɗan makaranta me ya sa garin Maraɗi ya tashi daga kwari ya hau tudu bayan ambaliyar 1945, sai ya zuba maka ido.

Na san uzurin da ake kawowa. Wasu su ce babu kuɗi. To, kuɗin da ƙungiyar iyayen yara ke kashewa a shagalin ƙarshen shekara ya isa a ɗauki mota ta yini guda. Wasu su ce babu tsaro. Gaskiya ne ɓarayin daji sun addabi wasu ƙauyukan kan iyaka, kuma ba mai hankalin da zai kai ƴaƴan mutane inda hukuma ta hana. Amma fadar Maraɗi cikin gari take, Tsibiri kuma tana daf da shi. Wasu kuma su ce zuwa kabari bidi'a ce. Ba roƙo za a kai yara ba. Darasi za a kai su, su ga inda magabata suka zauna, su ji yadda ilimi ya shigo ƙasar nan.

Saboda haka ina kira ga kowane darakta ya sa fita ɗaya cikin tsarin shekara. Malamin tarihi ya riga zuwa, ya nemi dattijon fada da zai yi wa yara bayani da Hausa. Iyaye su bada izini da guzuri. Masu masauki su ma su buɗe ƙofa ga ƴan makarantar ƙauyen da suke cin arzikinsa, ko da rana ɗaya ce a wata. Dattawan da suka riƙe labaran nan a ka suna ta ƙarewa, don haka a fara tun bana.