Ƙahon saniya ko amalanken taki: me gonakin Tasawa da Mayahi ke jira?

Tun da aka buɗe fagen jam'iyyu a ƙasar nan bayan babban taron ƙasa na 1991, da wuya a sami ɗan takarar da ya ratsa Tasawa ko Mayahi neman ƙuri'a bai yi wa talakawa alkawarin takin zamani mai rahusa ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, amma buhun taki sai ƙara nisa yake yi da manomin hatsi. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A 1997 Najeriya ta janye tallafin taki, wanda manoman jahar Maradi suka daɗe suna cin gajiyarsa ta kan iyaka. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya sake hura wutar farashi, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya toshe hanyoyin kaya. Shugabannin Afirka kuwa sun sha alwashi a Abuja a 2006 cewa kafin 2015 za a riƙa zuba kilo 50 a kowace hekta. Jigawar Mayahi dai ba ta ga wannan kilo 50 ɗin ba.

Idan ciwo ya daɗe, masu magani sukan yawaita. Daga cikin hanyoyin noma ba tare da takin kanti ba da ake yayatawa a duniya, akwai wadda Turawa ke kira bayodinamik, kuma ya kamata a san ta tun kafin wani ya zo da ita a cikin jakar furoje. Wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Steiner, shi ya kafa tushenta a cikin laccoci 8 da ya gabatar a 1924 a Koberwitz, garin da ke cikin ƙasar Polan a yau. Mabiyansa sukan cusa kashin saniya a cikin ƙaho, su bizne shi tsawon lokacin sanyin hunturu, su tono shi. Daga nan sai a ɗebi abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, a dama shi cikin ruwa na awa guda cur, ana juyawa dama ana juyawa hagu, a yayyafa wa hekta sukutum. Akwai wani ƙahon da ake cika wa garin farin dutse don fesa wa ganye, da kuma haɗi 6 na tsirrai da ake tsarmawa cikin tulin taki, wasunsu bayan an jiƙe su a cikin hanjin saniya ko ƙoƙon kan dabba. Shuka ma sai an dubi wata da taurari.

Ba a ce masu wannan hanya ragwaye ba ne. Gonakinsu sukan yi kyau, kayansu na tsada a kasuwannin Turai. A Masar, Ibrahim Abouleish ya kafa gonar Sekem a 1977 a kan hekta 70 na hamada a arewa maso gabashin Alƙahira, ya mayar da wurin kore shar. To, amma da me? Ya gina rijiyoyi, ya dasa itatuwa, ya tara dabbobi, ya riƙa jibga ruɓaɓɓen taki shekara da shekaru. A ƙasar Suwizalan akwai gwajin da ake yi tun 1978, wanda ya nuna cewa filayen da ake ciyarwa da ruɓaɓɓen takin dabbobi sun fi rai a cikin ƙasarsu, ko da yake amfaninsu bai kai na takin zamani ba. Da masu bincike a Amurka suka gwada ruɓaɓɓen taki mai haɗin Steiner da wanda ba shi da shi, ba su ga wani bambanci na a zo a gani a jikin ƙasa ba. Ashe tulin takin ne ke aikin, ƙaho ya kwashe yabo. Ballantana tsirran nan 6 na ƙasashen sanyi ne, ba a san su a dajin Tasawa ba, kuma ƙahon da aka bizne a nan, gara ce za ta fara kai masa ziyara.

Ciwon ƙasar Tasawa da Mayahi sananne ne. Rairayi ne wanda ba ya riƙe ruwa, ruɓaɓɓen abu ya yi ƙaranci a cikinsa, sinadarin fosfat kuma ya yi masa ƙamfa. Da can maganinsa hutu ne: a noma gona ƴan shekaru, a bar ta saura ta murmure. Yanzu jama'a ta yi yawa, gado ya yayyanka filaye, babu mai halin barin ko taƙi guda ba shuka. Gonar da ta gaji kuwa, wuta-wuta ce ke ba da labarinta. Masana kan yi maganar tan 2 zuwa 5 na takin dabbobi a hekta ɗaya, wato lodin amalanke da yawa. Wannan yunwa ce da ɗan yayyafi ba ya kashewa.

Abin takaici shi ne, dabarun da aka gwada a cikin ƙasar nan aka ga amfaninsu, su ne mahukunta ke yi wa riƙon sakainar kashi. A shekarun 1990 masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore sun tabbatar cewa giram 6 na takin zamani a cikin kowane ramin shuka, abin da marfin kwalba zai ɗauka, yana ɗaga amfanin hatsi sosai. Shi ma ɗan mitsitsi ne, amma an auna shi an san abin da ke ciki, kuma su kansu masanan sun yi gargaɗi cewa in ba a haɗa shi da takin gida ba, ƙasar za ta ci gaba da tsotsewa. Matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya a jahar Maradi sun tara fitsari a jarkoki, suka aje shi wata 2 zuwa 3, suka sa masa suna Oga don kawar da ƙyama. A gwaji 681 da aka yi tsakanin 2014 da 2016 tare da cibiyar INRAN, zangarniyar hatsi ta ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100. Ga kuma sassaben zamani, wanda ya bazu daga Maradi tun 1983 har ya mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5. Duk manomin da ke da gawo a gonarsa ya san inda hatsinsa ya fi tsawo.

Sai dai batun taki, in aka bi diddiginsa, batun siyasa ne. Da can, bayan girbi, Bafillace yakan sauka da garkensa a gonar manomi, shanu su ci kara su bar kashi, manomi ya ba da damman hatsi, kowa ya tashi da riba. Wannan zumunci ya yi rauni. Manomi ya koma kwashe kara da harawa yana kaiwa kasuwa, gonaki sun cinye burtali, sun matse makiyayar Gulbin Kaba. Kisan Toda na Oktoban 1991, inda aka hallaka fiye da mutum 100, galibinsu mata da yara, ya nuna iyakar inda wannan ɓaraka ke kaiwa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye don shata burtali da sasanta husuma, amma takarda ba ta tsare burtali in ba a ba hukumomin kuɗin aiki ba. Saniyar da aka hana wucewa, da takinta take tafiya.

Akwai kuma rashin daidaito a cikin gari ɗaya. Mai shanun huɗa da amalanke yakan kwashe takin gidansa, ya sayi na maƙwabta, gonarsa ta bakin gari ta yi baƙi. Gwauruwa da talaka mai gona nesa da gari, sai abin da suka ɗauka a ka cikin kwando. Idan da za a ware ko kaɗan daga kuɗin da ake kashewa a kan tallafin buhu, wanda sau da yawa ke isowa bayan an gama shuka, a ba ƙungiyoyin ƙauyuka bashin amalanke da jaki, a koya musu gina ramin ruɓar da taki a gauraya shi da garin fosfat na Tawa, da an taɓa ciwon a inda yake.

Hatta jujin birnin Tasawa, wanda manoman kewaye ke kwasa tun kaka da kakanni, ya cika da leda. Tun 2014 aka kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma ga ta nan tana kaɗawa a kan kowace sabara, tana shaƙe tumbin awaki. Ware leda daga shara kafin amalanke ya ɗauka aiki ne da ma'aikatar magajin gari za ta iya somawa tun ranin bana, da ƴan lebura da shebur, ba sai ta jira wani kuɗi daga Yamai ba.