Kare, kwalbar insulin da tulun ƙasa: ra'ayina kan muhawarar unguwarmu

Tun da jama'a suka fara komowa gidajensu a Kalakla, bayan sojoji sun karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, gidaje da yawa sun ajiye karnukan gadi. Dalili a fili yake: ƙofofi a ɓalle, katangu a rushe, dare kuma babu wuta. To a cikin wannan hali ne wata muhawara ta taso a majalisun bayan la'asar. Wani magidanci yana yi wa karensa allurar insulin safe da yamma, domin likitan dabbobi ya ce ciwon sukari ne ya kama shi. Wasu suna dariya. Wasu kuma ransu a ɓace yake, suna cewa: "Ɗan Adam bai samu ba, sai kare?"

Na fahimci masu fushin. Duk wanda ya zauna kudancin Khartoum tun 15 ga Afrilun 2023 ya san yadda neman magani ya zama. Asibitin Turkiyya da ke nan Kalakla na cikin 'yan asibitocin da suka ci gaba da aiki, shi ma ƙungiyar likitoci ta MSF ta janye ma'aikatanta daga cikinsa a watan Yulin 2024 saboda rashin tsaro. Uwar da ta yi yawon kantin magani biyar tana neman kwalba ɗaya don ɗanta, ba za ka zo mata da labarin kare ta saurare ka da sanyin rai ba.

Saboda haka bari in fara da abin da ba na ja da shi. Idan kwalba ɗaya ce ta rage, ga yaro ga kare, yaron za a ba. Wanda ya saye insulin ɗin mutane ya ɓoye don dabba alhali maƙwabcinsa na nema, ya yi zalunci. Amma daga nan zuwa cewa jinyar kare abin kunya ce ko saɓo, akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne na rabu da 'yan uwana masu dariya.

Mu a nan, Hausawa da sauran mutanen Sudan, yawancinmu mazhabar Imam Malik muke bi. A mazhabar, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya lasa kuwa bin umarni ne na ibada. An yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, malamai da dama kuma sun haɗa gadin gida a ciki idan akwai tsoro. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai Risala ɗin nan da muka karanta a zaure, shi kansa ya ajiye karen gadi lokacin da zamani ya lalace. Kowa kuma ya san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, babu wanda ya tilasta maka ajiye kare, amma ranar da ka ɗaure shi a ƙofar gidanka yana kwana a farke kana barci, ya zama amana a wuyanka.

Akwai kuma wani bashi da ba a cika faɗa ba. A 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitocinmu ke kira bankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari. Da haka aka gane inda matsalar take. A 1921 a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka yi ta gwaji a kan karnuka har suka fitar da ruwan da ke sauke sukarin jini. A Janairun 1922 aka yi wa yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya rayu. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da irin wannan ciwo ba ya daɗewa. Ke nan duk kwalbar da ke hannun 'ya'yanmu yau, sai da karnuka suka mutu a ɗakin gwaji kafin a same ta.

Yanzu ga inda nake ganin ya kamata fushinmu ya dosa. Insulin ɗin da karnukan Khartoum ke sha ɗan kaɗan ne. Abin da ke cinye shi da gaske zafi ne, da ɗaukewar wuta, da rashin sanin yadda ake riƙe shi. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari tashoshin lantarki a Omdurman, wuta ta ɗauke a jihar na tsawon kwanaki, a daidai lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A irin wannan yanayi mutane kashi biyu suke yin kuskure. Wasu, da zarar tallaja ta yi kwana ɗaya babu sanyi, sai su zubar da kwalba mai kyau. Wasu kuma su bar ta a taga ko aljihun mota, rana ta dafa ta, su ci gaba da allura suna mamakin me ya sa sukari ya ƙi sauka.

Ka'idar kamfanoni ita ce a ajiye kwalbar da ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma a yi amfani da ita cikin kimanin mako 4. Daskarewa ta fi zafi ɓarna: kwalbar da ta yi ƙanƙara ta tashi aiki, ko da ta narke. Don haka kada a jingina ta da ƙanƙarar da ake saya a kasuwa. Game da zafi kuwa, akwai labari mai kwantar da hankali. A 2021 MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa binciken da suka yi bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Suka tarar insulin ya riƙe ƙarfinsa har mako 4. Ma'ana, ɗaukewar wuta na dare ɗaya ko biyu ba hujjar zubar da magani ba ce, matuƙar yana inuwa.

Sai dai zafin Khartoum a watan Afrilu da Mayu ya kan wuce 37. A nan ne zir, wato tulun ƙasar da ke kowane tsakar gida, yake shigowa. Malami ne ɗan uwanmu daga jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yadda ake yi: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, shi yake janye zafi daga ciki. An ma gwada tukwanen ajiye insulin na ƙasashe daban-daban a nan Khartoum, aka wallafa sakamakon a 2016, aka ga lalle suna rage zafi. Sharuɗɗan kiyayewa kaɗan ne. Kwalbar kada ta nutse cikin ruwa, a sa ta a leda ko ƙaramin mazubi mai murfi. A riƙa ƙara ruwa safe da yamma. A kuma sani cewa da damina, lokacin da iska ke da laima, tulun ba ya sanyi kamar na rani.

A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalba. Insulin mai haske kamar ruwa, idan ya yi duhu-duhu, ya lalace. Mai kama da madara kuwa, idan an murza shi a tafin hannu ya ƙi haɗuwa, ko ya yi gudaji, ko ya manne a jikin kwalba, shi ma a rabu da shi.

Ga masu kare, akwai abubuwan da ya wajaba su sani. Alamun ciwon su ne yawan shan ruwa, yawan fitsari, da ramewa alhali yana cin abinci sosai. Daga baya ido ya yi yana, da yawansu su makance. Karya da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba ta fi shiga haɗari, musamman bayan lokacin barbara. Ƙwayoyin da manyanmu ke haɗiya don sukari ba sa yi wa kare aiki, kusan kullum allura ce, yawanci sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12, tare da abinci iri ɗaya kuma gwargwado ɗaya. Adadin allurar likitan dabbobi ne zai yanke bisa nauyin karen da gwajin jini. Ba a kwafo shi daga na kaka ko na maƙwabci.

Babban tarkon yana wajen sirinji, kuma wannan ya shafi mutum da dabba. Insulin ɗin mutane yawanci U-100 ne, wato yunit 100 a kowace mililita. Na karnuka, irin su Caninsulin, U-40 ne. Kowanne da sirinjinsa. Bari in yi lissafin kamar a aji. Idan ka zuƙi U-100 da sirinjin U-40 har layin 10, abin da ka ɗauka yunit 25 ne, ninki biyu da rabi. Idan ka juya, ka zuƙi U-40 da sirinjin U-100 har layin 10, yunit 4 kacal ka ɗauka. Na farkon yana iya kisa a rana ɗaya. A gidan da ake da mai ciwon sukari kuma ake jinyar kare, wallahi kada a haɗa kayan allurarsu wuri guda. Wani ƙarin dalili ga Musulmi: Caninsulin daga alade ake samo shi, domin insulin ɗin alade da na kare iri ɗaya ne. Na mutane kuwa, tun 1982 aka fara haɗa shi a masana'anta ba tare da dabba ba.

Faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kisa. Kare ya fara rawar jiki, ko tangaɗi, ko ya kwanta ya kasa tashi bayan allura, a shafa masa zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi, a nemi likita. Kada a ɗura masa ruwa idan ba ya cikin hayyacinsa. Ranar da ya ƙi cin abinci, kada a yi masa cikakkiyar allura sai an tambaya. Ɗalibin da ke allura, in ya fara gumi da rawar hannu da ruɗewa a aji, shi ma abin da yake buƙata ke nan cikin gaggawa: sukari a baki tun yana iya haɗiya. Kowane malami ya kamata ya san ɗaliban ajinsa masu wannan ciwo, ya ajiye ɗan sukari ko dabino a aljihun tebur.

To wanda ba shi da halin jinyar karen fa? Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma korar kare mara lafiya zuwa titi ba mafita ba ce. Titunanmu sun riga sun cika da karnukan da yaƙi ya raba da masu su, ga tsoron ciwon haukan kare a kan yaran da ke tafiya makaranta. A kai shi wurin likitan dabbobi a ji shawara, ko a nemi wanda zai iya riƙe shi.

Shawarata ga kwamitocin masallatai da matasan ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda suka riƙe takaya suna ciyar da unguwa lokacin da babu kowa: duk masallaci ko makarantar da ta sami sola, a sa ƙaramar tallaja guda don insulin ɗin mutanen unguwa. Kowa ya rubuta sunansa a kwalbarsa, a naɗa amintacce mai riƙe mabuɗi da littafi. Kwalbar da ake amfani da ita ta zauna gida cikin tulu, waɗanda ba a buɗe ba su zauna a tallaja. Mai kare ya zo da tasa a mazubi daban, da babban rubutu a jiki, ya kuma ba da nasa gudummawar kuɗin gyara. In an yi haka, ɗan maganin da muke samu zai kai mu nesa fiye da yadda yake kai mu yanzu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a Sudan.