'Yan Uwa na Upper Iweka, Mu San Masu Riƙe da Akwatinmu

Jama'ar Upper Iweka, masu lodin mota a tasha, masu albasa da goro, 'yan dako da masu shayin bakin gada, ku saurara! Duk ranar zaɓe sai mu rufe shaguna mu shige ɗaki, wasunmu ma tun ana saura mako guda sun hau motar Kano. Daga baya mu zauna muna cewa an yi ba da mu ba. To wa ya hana mu?

Ku tuna zaɓen gwamnan Anambra na ranar 6 ga Nuwamba, 2021. Tsoro ya hana jama'a fita, kusan mutum ɗaya cikin goma na masu rajista ne kawai ya dangwala. A ƙaramar hukumar Ihiala ma hukumar INEC ba ta iya kai ma'aikata ba, sai da aka ɗage zaɓen zuwa ranar 9 ga wata. Rumfar da babu malamin zaɓe, ƙuri'ar mutanenta ta bi ruwa.

Kowace rumfa tana da shugaba, galibi ɗan bautar ƙasa, da mataimaka uku. Ɗaya yana tantance mai zaɓe da na'urar BVAS, ɗaya yana duba suna a rajista, ɗaya yana kula da layi. Dukkansu sai sun yi rantsuwar ba za su karkata ga kowa ba, kuma ɗan jam'iyya ba ya wannan aiki. Ita jam'iyya wakili take turawa, ejan, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a miƙa sunansa da hotunansa kwana 14 kafin zaɓe. Kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma mai ci ba ya zama ejan. Don haka in kun ga wani ƙato ya tsaya kan akwati babu katin shaida a wuyansa yana ba da umarni, ba shi da hurumin hakan. Ku sanar da shugaban rumfa da jami'an tsaro, cikin natsuwa, ba da faɗa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu. Muna da yaran da aka haifa a nan Onitsha, sun yi karatu, suna jin Igbo kamar Hausa. Me ya sa ba sa neman aikin wucin gadi in INEC ta buɗe shafinta? Me ya sa ba sa shiga ƙungiyoyin sa ido?

Sarkin Hausawa, limamai, shugabannin tasha, wannan nauyi a wuyanku yake. Ku tara sunayen matasan da suka cancanta, ku sa su cike takardu. Mai katin zaɓen garinsu ya nemi a dawo masa da rajistarsa nan inda yake neman abinci. Ranar zaɓe mu kama layi kafin ƙarfe 8:30 na safe, kuma kada kowa ya tafi sai an ƙirga ƙuri'u a gabanmu an liƙa sakamako a bango.