Filin Sana'a: Maƙalin Tirela Mai Wuyan Dinya

In rake ya nuna a fadamun Matameye, masu a-kori-kura sukan yi lodi har bayan mota ya kusa taɓa ƙasa, su nufi Damagaram ko Ɗan Barto. Wannan lodi shi ke karya sifirin, shi ke fasa taya. Jan tirela ya fi sauƙi ga mota, amma sai an ɗaura ta daidai.

Manoman Amurka suna da wani maƙali da suke kira wuyan dinya, domin ƙarfen tirelar ya lanƙwaso kamar wuyan tsuntsun. Ƙwallon da yake hawa yana cikin bodi, bisa gindin tayoyin baya ko gaba kaɗan. Dalili kuwa, in nauyi ya danne can ƙarshen mota, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana.

Mai so ya fara duba takardar motarsa, ya san nauyin da aka yarda ta ja. Kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirela bisa ƙwallon yake sauka. Ƙaramar mota irin Peugeot 404 ba ta wannan aiki ba ce.

Wajen ɗauri, a kafa ƙarfen ga shasi da kusoshi masu ƙarfi, domin falon bodi yagewa yake. Kafin a huda, a leƙa ƙasa saboda tankin mai da bututun birki. A sa sarƙa biyu, tirela kuma ta sami birkinta da fitila. Bayan tafiyar farko a sake ɗaure kusoshi.

Rigakafi ya fi magani.