Idanun Gizo a Bangon Gidanmu

A makon jiya wani ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, dubi wannan." Wata fuska ce ta cika gilashin wayar: manyan idanu biyu baƙaƙe wuluk masu ƙyalli, wasu ƙanana biyu a gefensu, ga gashi tsaye a ka kamar na yaron da ya daɗe bai ga wanzami ba. Na zaci hoton wata dabbar dawa ya samo a intanet. Ashe ɗan gizo-gizon nan ne mai tsalle da ke shan hantsi a bangon tsakar gidanmu, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba. Da wani ɗan gilashi da ake maƙalawa a bayan waya ya ɗauke shi, bayan ya shafe kusan awa guda a durƙushe. Mahaifiyarsa ta ce aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ni ban yarda ba.

Mun girma da Gizo a tatsuniya, shi da matarsa Ƙoƙi, 'ya'yanmu na zango kuma sun ƙara da Ananse na maƙwabtanmu Asante. Intanet ma yanar gizo muka raɗa mata. Duk da haka kaɗan ne cikinmu suka taɓa duban fuskarsa. Da gizo-gizo da tautau muke sallamar su duka, alhali masu tsalle kaɗai, waɗanda masana ke kira Salticidae, sun haura nau'i 6,000, kuma babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa.

Wannan ba ya saƙa yana don kama abinci. Da ido yake farauta, yana sanɗa kamar kyanwa. Idanunsa takwas ne. Na gefe su ke hango motsi, manyan biyun na gaba kuma su ke tantance abin da ya motsa. Ba sa juyawa daga waje irin namu. Can cikin kansa ne ɓangaren da ke karɓar haske yake motsi. Shi ya sa idan ka matso yakan juyo da jikinsa gaba ɗaya ya zuba maka ido. Tsallensa kuwa da ƙarfin jini yake yi, yana tura shi cikin ƙafafun baya su miƙe farat ɗaya, kuma kafin ya tashi sai ya maƙala zare a inda yake, don in ya kuskure ya hawo ya dawo.

Wayon da kakanninmu suka jingina wa Gizo ma akwai shi a dangin nan. Wani da ake kira Portia, wanda ake samu a Afirka da Asiya da Ostareliya, yakan je bakin yanar wani gizo-gizon ya riƙa kaɗa zaren kamar ƙwaro ya faɗa tarko, mai gida ya fito da murna, shi ya zama kalaci. A yankin Tafkin Victoria, a Kenya da Yuganda, akwai Evarcha culicivora, wanda ya fi son macen sauro da ta sha jini, har da irin mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Masani Robert Jackson na ƙasar New Zealand ya daɗe yana nazarin waɗannan biyun.

Hoto ne ya fitar da waɗannan halittu daga ɗakin bincike zuwa idon jama'a. Ba'amurken nan Thomas Shahan ya yi suna da hotunan fuskokinsu, yana juya tsohon gilashin kyamara ya ɗaura shi baya a gaba don ya kusanto da ƙaramin abu. A Ostareliya, Jürgen Otto ya bi 'yan mitsi-mitsin da ake kira Maratus, masu launi irin na ɗawisu, yana ɗaukar rawar da namiji ke yi wa mace, har shi da abokin aikinsa David Hill suka raɗa wa sababbin nau'o'i da dama suna. Saboda haka ba na kallon durƙuson yaron nan a matsayin zaman banza.

Sai dai ina da sharaɗi guda, kuma a kansa na fi son masu sha'awar abin su tsaya. Idan ka matso kusa haka, ɗan wurin da ke fitowa tar a hoto sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. In ido ya fito, ƙafa ta yi dishi-dishi. Dabarar masu sana'ar ita ce su ɗauki hotuna da yawa, kowanne da inda ya fito, su haɗa su a kwamfuta. Wannan na buƙatar abin da ake ɗauka ya tsaya cik, shi kuwa mai tsalle ba ya tsayawa. Nan ne wasu ke jefa shi a firji har sanyi ya sandarar da shi, wasu ma gawarsa suke kafawa a kan fure, su ɗiga mata ruwa a ka, su watsa a Facebook a matsayin abin da suka tarar a lambu. Masanin da ya ajiye mataccen gizo-gizo don bincike, ya kuma faɗi cewa matacce ne, ba ni da ja da shi. Wanda ya ɓoye, ha'inci ya yi. Abin da ke kama zuciya a hoton nan shi ne halittar ta juyo da kanta ta dube ka, sandararre kuwa ba ya duban kowa. Mai lura zai iya zargin irin wannan hoto idan ya ga ƙafafu sun naɗe a ƙarƙashin ciki.

Na ce wa ɗan nawa ya ci gaba, amma da hannu wofi, ba kwalba ba firji. Ya fito da hantsi, ya rage kaifin filasha da farar takarda, ya auna idanun gaba, ya haƙura da hoto hamsin da za su lalace, ya kuma rubuta rana da unguwa a ƙarƙashin wanda ya yi kyau. Jiya da safe na same shi a gindin bangon yana dariya shi kaɗai. Gizon ya gaji da kallo, ya yi tsalle ya dira a kan gilashin wayar.