Masu saitin dish a Auyo: sana'ar da ta rasa littafi

Bayan ambaliyar 2022 na je Auyo gaishe da wani ɗan'uwa, na iske babban farantin tauraron ɗan Adam da ke tsakar gidansa ya yi wata uku bai kamo tasha ko ɗaya ba. Ya sauya risiba, ya sauya waya, ya sayi sabon LNB har sau biyu, duk a kan shawarar yaran da ke zuwa gyara. Daga ƙarshe wani dattijon mai saiti ya zo daga Hadeja, ko talabijin bai kunna ba, ya ɗora ma'aunin magina a jikin turken ƙarfen, ya ce turke ne ya karkace. Kuɗin da aka ɓatar sun isa a zuba wa turken kankare tun farko.

Mai karatu, wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar fadamar kogin Hadeja. Laka ce mai kumbura da damina, ta tsage da rani, duk abin da aka kafa a cikinta ba tare da tushe mai zurfi ba sai ya motsa. Shi kuwa tauraron da ake nema yana can sama da kilomita 35,000 a saman tsakiyar duniya. Farantin da faɗinsa ya kai mita 2.4 ya fi ƙarami jawo sigina, amma ganinsa ya fi ƙunci: in ya kauce da abin da bai kai digiri ɗaya ba, hoto ya tafi. Girman da mutane ke alfahari da shi, shi ne ke sa shi saurin ɓata.

Daga Auyo, mai neman Nilesat kudu maso yamma zai fuskanta, mai neman Arabsat kuma kudu maso gabas, sannan a daidaita ɗagawa, a murɗa LNB a hankali har layin inganci ya hau, domin layin ƙarfi kaɗai yana iya cika alhali faranti na kallon wani tauraro dabam. Hadari mai nauyi yakan ɗauke hoto na ɗan lokaci ya dawo da kansa. Haka ma wajejen Maris da ƙarshen Satumba, rana takan bi ta bayan tauraro ta ɗauke shi na 'yan mintoci. Mutane da yawa sun kwance saiti mai kyau saboda waɗannan biyun, sun biya kuɗi aka mayar musu da shi.

Abin da ya dame ni shi ne, duk bayanin nan da Hausa na yi shi, amma takardar da ke zuwa cikin kwalin risiba da Turanci ko Larabci take. Yaron da ya koyi aikin a bayan ubangidansa ya iya hannu, bai san dalili ba, don haka in ya cije sai ya ce a sayo sabo. Ba na ganin laifinsa. Su ma ai sun riga mu masana harshe ƙirƙirar kalmomi: saiti, kamu, ɗaukewa, kaucewa. Mu ne muka zauna a ofis muna gardama kan ko "faranti" za a ce ko "dish".

Ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Hadeja da ta shirya wa matasan nan gajeren kwas da Hausa, da ɗan littafi mai zane, a tattaro kalmominsa daga bakin masu aikin. Darasi na farko ya zama haƙa rami da zuba kankare a ƙasar fadama, kafin a taɓa rimot.